Gida Ɗaya a Hausa, Biyu a Turanci: Kurakuran da Aka Fi Yi da Kalmar “Home”

Tun a firamare ake koya wa yaro “home” da “house”, a ce masa duka biyun gida ne, malam ya goge allo ya wuce darasi na gaba. Yaron nan zai gama sakandare, ya yi jami'a, ya yi bautar ƙasa, har ya kama aiki, amma ranar da ya zauna rubuta wa shugabansa takardar neman izini sai ka ga ya rubuta “I want to go to home”. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Kalmar gida ce ta fi kowacce daga cikin biyun nan faɗi, ko an haɗa su ma ba su kai ta ba. Da gida muke kiran gini, da shi muke kiran iyali da zuriya da garin haihuwa da ƙasa baki ɗaya. Gidan waya gida ne, gidan yari gida ne, har sauro mun yi wa gida. Bature kuwa ya raba kayan nan kashi-kashi. “House” gini ne: bulo, kwano, ƙofa. “Home” wurin da mutum yake zaune ne kuma yake jin nan ne nasa, ko da ɗaki ɗaya ne na haya a Sabon Gari, ko bukka a ruga. Yawancin kurakuran da za mu duba daga rashin lura da wannan rabo suka samo asali, ragowar kuma daga nahawun kalmar, wanda yake da ɗan taurin kai.

“Go to home”

Wannan ne babban yaya a cikin kurakuran, kuma abin mamaki Hausa ba ta da hannu a ciki. Bahaushe cewa yake zan tafi gida, zan tafi kasuwa, zan tafi makaranta, ba ya saka komai tsakanin tafiyar da wurin zuwan. Da aka zo Turanci sai malam ya yi ta fama da shi, wani lokaci har da bulala, a kan cewa ba a faɗin “go market”, sai dai “go to the market”, “go to school”. Darasin ya shiga, har ya wuce gona da iri, ɗalibi ya ɗauki “to” ya riƙa liƙa ta ko'ina, har a inda Turanci ya zo daidai da Hausa.

Dalilin shi ne, idan “home” ta biyo bayan aikatau na tafiya, ba suna ba ce, bayanau ce, wato kalmar da ke ƙara bayani a kan aikin da ake yi. Ajinsu ɗaya da “there” da “abroad” da “upstairs”. Kamar yadda ba ka cewa “go to there” ko “travel to abroad”, haka ba ka cewa “go to home”. Kalmar ta riga ta haɗiye ma'anar zuwa a cikinta. Haka take tun a tsohon Turanci na sama da shekara dubu da suka wuce, lokacin da ake rubuta ta “ham” da dogon wasali, kuma tana ɗaukar ma'anar ƙauye ko mazaunin wasu mutane. Ita ce ta maƙale a ƙarshen sunayen garuruwa irin su Birmingham da Nottingham.

Saboda haka: “go home”, “come home”, “get home”, “arrive home”, “walk home”, “send him home”, “on my way home”. Mai tarbar alhazai a filin jirgi “welcome home” zai rubuta a kwali, ba “welcome to home” ba. Amma da zarar an saka wata kalma a gaban “home”, ta koma suna, “to” ta dawo: “go to my home”, “move to their new home”. Ita kuwa “from” ba ta taɓa faɗuwa: “from home”, “far from home”, “away from home”.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka fara da Faransanci suna da tasu hanyar faɗawa ramin. Sun saba da “à la maison”, sai su ɗebo ta ɗungurungum su ce “to the home”. Wanda ya yi nahawun Larabci a zaure shi ma “ilal baiti” ke kai shi can. Maganin duka ɗaya ne, a bar kalmar tsirararta.

Ƙanen wannan kuskure shi ne “return back home”. “Return” ta riga ta ƙunshi komawa. Ko dai “return home”, ko “go back home”.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a aji ba: gidan wa ake nufi? Idan ka ce “I went home”, gidanka ka tafi, babu wata fassara. In gidan Musa ka je, sai ka ce “I went to Musa's house”, ko a hira “Musa's place”. Haka nan idan kana gayyatar abokin aiki Bature cin tuwon sallah, ka ce masa “come home tomorrow”, zai ɗan yi turus, don a kunnensa mutumin gida ake ce wa haka, ɗa ko miji ko mata. Baƙo “come over” ake ce masa, ko “come to my house”. Ita kuma jimlar “I took her home” baki biyu gare ta, tana iya zama ka kai ta gidansu, tana iya zama ka kai ta naka gidan. In dai maganar ta shafi mutuncin wata, gara ka fayyace: “I dropped her off at her parents' house”.

“In home”, “in house”, da wanda ya fi su haɗari

Ina gida shi ne “I am at home”. “I am in home” babu shi. “I am in house” kuma daga Turancin buroka ya tsallako, inda ake cewa “I dey house”. A daidaitaccen Turanci “in-house” wani abu ne daban, aikin da kamfani ya yi da ma'aikatansa bai ba na waje kwangila ba. Idan kana son nuna cewa cikin ginin kake, ba a tsakar gida ko ƙofar gida ba, to “in the house”.

Game da “at” ɗin nan, wasu malamai na tsananta abin da bai kai ba. Amurkawa sukan yar da ita, su ce “stay home”, “is he home?”, kuma daidai ne. Ko a Birtaniya, taken da gwamnati ta yi ta yaɗawa a kullen korona na 2020 da “Stay home” ya fara. Wanda ya shigo daga tafiya ya ajiye jaka ya ce “I'm home”, cewa ya yi na dawo. Sai dai ga mai rubuta WAEC ko NECO, “at home” ita ce ba ta da gardama, babu mai makin da zai ja mata layi.

Yanzu ga wanda ya kamata a dakata a kansa. “At home” da “in a home” ba su ko kama hanya ɗaya ba. A Birtaniya, idan aka ce tsoho yana “in a home”, ana nufin an kai shi gidan kula da tsofaffi. Ka ɗauko ɗan Zariya da ya tafi can aikin kula da marasa lafiya, kamar yadda 'yan Najeriya da yawa suka yi bayan da aka buɗe wa masu wannan aiki ƙofar biza a 2022. Lokacin shan shayi abokiyar aikinsa ta tambaye shi ina mahaifiyarsa, shi kuma yana son ya ce tana gida lafiya lau, sai ya ce “she is in a home in Zaria”. Matar za ta sassauta murya, ta dafa kafaɗarsa, ta ce ai yanke irin wannan shawara akwai wuya. Shi bai san ya faɗa mata cewa sun kai Hajiya gidan gajiyayyu ba, abin da a garinsu ko a mafarki ba zai so a jingina masa ba. Harafi ɗaya ne ya jawo, “a” ɗin nan. Abin da ya so faɗa shi ne “she is at home in Zaria” ko “she lives in Zaria”.

Daga wannan ma'anar aka samu “care home” da “nursing home” na tsofaffi da marasa lafiya, “children's home” na marayu da yaran da ba su da mai riƙo, “remand home” na yaran da ake tsare da su, da “funeral home” inda Amurkawa ke shirya gawa. Tun da an zo maganar rasuwa, ya riga mu gidan gaskiya ba a mayar da shi “house of truth”. “He passed away” ya wadatar. Kiristocin Najeriya sukan rubuta “home call” a sanarwar rasuwa, wannan kuma salonsu ne na addini, ba kalmar da za a saka a takardar ofis ba ce.

Ba kowane gida ba ne “house”, balle “home”

Mai zama a hawa na uku na dogon bene a Abuja yana da “home”, amma ba shi da “house”. Abin da yake ciki “flat” ne a bakin 'yan Ingila, “apartment” a bakin Amurkawa. Attajiri kuma yana iya mallakar “houses” goma, “home” ɗinsa ɗaya ne, wanda yake kwana a ciki. Shi ya sa ake gina “house”, a yi masa fenti, a ba da shi haya, amma ake kewar “home”. Dillalan gidaje, musamman a Amurka, sukan rubuta “homes for sale” da gangan, don kalmar ta fi daɗin ji, kuma dillalan Legas da Abuja sun kwaikwaya. Wannan dabarar talla ce, ba ta rushe ƙa'idar ba.

Inda mai fassara kai tsaye ke shan kunya shi ne jerin gidajen nan namu da babu ko ɗaya daga kalmomin biyu a cikinsu. Gidan mai “filling station” ne ko “petrol station”, gidan waya “post office”, gidan yari “prison”, gidan rediyo “radio station”, gidan abinci “restaurant”, gidan sarki “palace”, gidan sauro “mosquito net”. Inda “house” ke shiga kuma ba a musanya ta: “Government House”, “House of Assembly”, “House of Representatives”, “White House”, “house arrest” wato ɗaurin talala. Gidan sarauta a ma'anar zuriya shi ma “house” ne, kamar “House of Windsor” na masu sarautar Birtaniya.

Maigida ya fi kowa wahalar da mai fassara. “House owner” kusan kullum kuskure ne. A bakin matar aure “my husband” ne, a bakin yaron shago “my boss”, a bakin ɗan haya “my landlord”, a takardar ƙidaya “head of household”. Gidan miji, wanda muka saba ji ana ce wa “husband's house”, a harshen kotu “matrimonial home” ne. Babban gida na gado da muke ce wa “family house”, Bature “family home” ya sani, in kuma kana son ya hango sassa-sassa da zaure, ka ce “family compound”.

Ya gida? Ka gaida gida

Gaisuwarmu cike take da gida, kuma ba gini muke tambaya ba. “How is your house?” tambaya ce game da rufi da bango, amsarta ita ce kwano na yoyo ko ba ya yi. “How is home?” ta zauna a Turancin Najeriya, tsakaninmu babu laifi, amma ga baƙo “how's the family?” ko “how is everyone at home?” ta fi fita. Ka gaida gida ba “greet home” ba ne, “say hello to the family” ne, in kuma wasiƙa ce ta girmamawa, “give my regards to your family”. Idan ka yi baƙo kana son ka ce masa ya saki jiki nan ma gida ne, ga ta a shirye: “make yourself at home”.

Aikin gida iri biyu

Yarinya ta ce ba ta yi aikin gida ba. Wanne? Na malamin lissafi, ko shara da wanke-wanke? Hausa ta bar wa mai sauraro ya gane, Turanci ya raba. Na makaranta “homework”, na tsintsiya da tukunya “housework”. Ɗalibar da ta ce wa malama “I was doing my homework” alhali wanke-wanke ya tsare ta, ta jefa kanta cikin tambayar to ina aikin yake.

Duka biyun ba su da jam'i. “Homeworks” kuskure ne, “a homework” ma haka. Sai dai “a lot of homework”, ko “three assignments” in ƙirgawa ake so. Kuma yin su ake da “do”, ba “make” ba. “Work from home” shi ne ma'aikacin ofis da ke yin aikinsa ta kwamfuta daga gida, abin da ya bazu tun 2020. Matar da ba ta aikin albashi “housewife” ce, wasu sun fi son “homemaker”. “Take-home pay” kuma abin da ya rage na albashi bayan an cire haraji da fansho, wanda ma'aikatan Najeriya suka daɗe suna yi wa ba'a da cewa ba ya kai mutum gida.

A kan fom da takardun hukuma

“Home address” adireshin inda kake kwana yanzu ne, kishiyar adireshin ofis. Mu a nan mun saba da fom mai layi biyu, “residential address” da “permanent home address”, inda a na biyun mutum ke rubuta gidan mahaifinsa a ƙauye. Fom ɗin banki ko jami'a ko biza na ƙasar waje bai san wannan ba. In ya ce “home address”, inda wasiƙa za ta same ka yake nema. Ka rubuta gidan kakanka na Gumel alhali kana zaune a Kaduna, ka saɓa wa takardun da ka haɗa da hannunka.

Haka “hometown”. A wurinmu garin asali ne, ko da sau biyu mutum ya taɓa taka shi. A wurin Turawa garin da aka haife ka ne ko inda ka tashi. Wannan yana da amfani ga masu jarrabawar IELTS ta gwada iya Turanci, don a kashin farko na gwajin magana ana yawan tambaya a kan “hometown” da irin gidan da mutum yake zaune. Wanda aka haifa a Jos ya girma a Jos, ya kama ba da labarin Daura saboda nan ne tushen mahaifinsa, zai ƙare da kame-kame a tambaya ta biyu. Ya yi maganar Jos da ya sani, in yana so ya ƙara da “my family is originally from Daura”.

“Home Office” da manyan baƙaƙe ba ofishin da ke cikin gida ba ne. Ma'aikatar harkokin cikin gida ce ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1782, ita ke riƙe da biza da shige da fice da 'yan sanda, shugabanta kuma shi ne “Home Secretary”. Da ƙananan baƙaƙe kuwa, “home office” ɗakin da mutum ya keɓe a gidansa ne don aiki. Indiya da Afirka ta Kudu “Home Affairs” suke ce wa tasu ma'aikatar, Najeriya “Interior”. Masu fassara labarai su yi hattara da Amurka: a can “Department of the Interior” filayen gwamnati da gandun daji take kula da su, shige da fice yana hannun “Homeland Security”, wadda aka kafa da dokar 2002 bayan harin 11 ga Satumba 2001.

Ita kanta “homeland” kalma ce mai nauyi. A Afirka ta Kudu ita ce sunan yankuna goma da gwamnatin wariyar launin fata ta keɓe wa baƙaƙe, irin su Transkei da Ciskei da Venda, waɗanda aka rushe a 1994. In ƙasarka kawai kake son ambata, “my home country” ko “back home” ba su da wata matsala.

Ƙwallo da lambar mota

Masu zaman gidan kallo sun fi kowa sanin “home” da “away”. Inda suke tuntuɓe shi ne “at home to”. In aka rubuta “Pillars are at home to Enyimba”, a Kano za a buga, Enyimba ce baƙuwa, duk da “to” ɗin da ke sa wasu su ɗauka Pillars ce za ta tafi. “Home record” tarihin wasannin gida ne, irin wanda Kano Pillars ta kafa na shekara 12 ba a ci ta a gida a gasar ƙasa ba, har sai da Nasarawa United ta zo filin wasa na Sani Abacha ta karya shi a 2015. “Home-based players” su ne 'yan wasan da ke taka leda a cikin ƙasa.

Duk wanda ya tsaya a tasha ya karanta lambobin mota ya ga wani amfanin kalmar. Borno “Home of Peace”, Katsina “Home of Hospitality”, Filato “Home of Peace and Tourism”, Nasarawa “Home of Solid Minerals”. A nan ma'anar ita ce matattara ko cibiya. A cikin jimla siga biyu ce: “the home of” da “home to”. Ka ce “Kano is home to Kurmi Market”, ba a saka “a” ko “the”. Ɗalibai kan gauraya su su rubuta “a home to” ko “the home to”. Ta biyun ba ta zauna ba sam, ta farkon kuma sai ta sa Kano ta zama kamar wadda ta ba kasuwar mafaka.

Kalmomin da ke yaudara

“Homely” ita ce ta fi cizo. A Najeriya, kamar a Indiya, ana yabon mace da ita, wai mai tarbiyya ce mai son zaman gida. A Ingila wuri ake siffantawa da ita, ɗaki mai daɗin zama marar ƙyale-ƙyale. A Amurka kuwa, ka ce mace “homely” ce, ka ce ba ta da kyau ke nan. Wanda ya rubuta wa Ba'amurke abokinsa “your wife is very homely” don godiyar abincin da aka ba shi, ya yi ɓarna da kyakkyawar niyya. “Warm”, “kind”, “welcoming” duk suna nan, a ɗauki ɗaya.

“Homesick” ba mai jinya a gida ba ne, mai kewar gida ne, kamar ɗan aji ɗaya a makarantar kwana. “Home video” a wurinmu finafinan Kano da na Legas ne, a sauran duniya hoton bidiyo ne da iyali suka ɗauka da kansu a suna ko biki. “Home training” da muke nufin tarbiyya, in kana rubuta wa na nesa, “upbringing” ko “manners” sun fi saurin isar da saƙo.

“Leave home” ma tana da fuska biyu. “I leave home at seven” fitar safe ce zuwa aiki. Amma “he left home at eighteen” ba ƙarfe shida na yamma ba ne, yana ɗan shekara 18 ya bar gaban iyayensa ya kama zaman kansa. In fita kawai ake nufi, “he left the house” ko “he went out” sun fi tsabta.

Sai karin maganar da jaridunmu suka mayar kamar gishiri: “nothing to write home about”. Hotonta a fili yake, matafiyi ne ya ga abu bai kai ya ɗauki alƙalami ya ba mutanen gida labari ba. Wato abin ba yabo ba fallasa, ba wani abin a zo a gani ba ne. Mu kuma mun ɗora mata kayan da ba nata ba. Sai ka karanta an siffanta asibitin da babu wuta babu ruwa babu magani da ita, ko hanyar da ke cin rayuka. Ga wanda Turanci ne harshensa, marubucin ya ce asibitin dai ga shi nan, da dama-dama. In abu ya lalace ne, a kira shi da sunansa: “appalling”, “in a terrible state”. A ajiye waccan don abincin biki da bai burge ba.

Sauran a gurguje. “Hit home” magana ce ta ratsa mutum. “Drive home a point” nanatawa ce har ta zauna, babu mota a ciki. “Close to home” magana ce ta taɓa inda ke yi wa mutum ƙaiƙayi. “Home truths” gaskiya ce mai ɗaci da ake faɗa wa mutum a kan halinsa. “At home with computers” gwanancewa ce da sabo. “Home and dry” ta 'yan Ingila ce, an tsallake siraɗi, Amurkawa su ce “home free”. “Charity begins at home” ba ta da nisa da namu na gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. “At home and abroad” shi ne gida da waje, a bar wa 'yan ƙwallo “home and away”.

Furuci

Abu biyu ke damun harshen Bahaushe a nan. Na farko, a bakinmu “f” da “h” 'yan ɗaki ɗaya ne, musamman kafin wasalin “o” da “u”. Shi ya sa “photo” ta zama hoto, shi ya sa kuma Basakkwace ke cewa hita inda Bakano ke cewa fita. Sakamakon haka “foam” da “home” kan fito iri ɗaya, mai neman katifa ya zama mai neman gida. Gyaran shi ne, a “foam” haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, a “home” kuwa iska ce zalla daga maƙogwaro, leɓe bai taɓa komai ba.

Na biyu, “m” ta ƙarshen kalma takan sulale mana ta koma “n”, kamar yadda kullum ke zama kullun. A “home” dole leɓɓa su rufe ruf a ƙarshe, in ba haka ba “hone” za a ji, wato wasa wuƙa. Su kansu Turawan wannan kamanni ya rikita su, har da yawansu ke rubuta “hone in on” a maimakon “home in on”, wadda ke nufin dosar abu kai tsaye kamar yadda tantabara ke dosar gidanta. Wasalin tsakiya kuma ba “o” ɗaya ba ce a miƙe irin ta fom, tagwai ne, a fara da “o” a zarce zuwa “u” kafin a rufe baki.